Adamu Halilu: ɗalibin majigi da ya ɗauki Shaihu Umar, da gadon da ya bar wa masu koyon fim

A watan Fabrairun 2018, a bikin baje kolin fina-finai na birnin Berlin da ke Jamus, an haska wani fim na Hausa mai tsawon minti 142. Sunansa Shaihu Umar. An kammala shi a 1976, kuma gwamnatin tarayyar Najeriya ce ta ɗauki nauyinsa. Wanda ya ba da umarninsa, Alhaji Adamu Halilu, ya yi kusan shekara 17 da rasuwa a lokacin. A ƙasar da aka yi fim ɗin kuwa, akasarin matasan da suka tashi da kallon fina-finan Kano ba su taɓa ganin ko da minti ɗaya daga cikinsa ba, domin shekaru da dama ana ɗaukar cewa ya ɓace.

Yadda aka yi babban aiki irin wannan ya shige duhu, alhali da dukiyar jama'a aka yi shi, tambaya ce da amsarta ke cikin rayuwar mutumin da ya yi shi. Halilu ya koyi sana'arsa a ƙarƙashin hukuma, ya yi manyan ayyukansa da kuɗin hukuma, daga baya ya shugabanci hukumar fim ta ƙasa, sannan aikinsa ya kwanta a ɗakin ajiyar hukuma har tsatsa ta ci gwangwanayensa. Duk ɗalibin da ke shirin ɗaukar fim ɗinsa na kammala karatu a Kaduna ko Zariya ko Kano yana da abin dubawa a wannan tarihi.

Daga Garkida zuwa Kaduna

An haifi Adamu Halilu a 1936 a Garkida, garin da ke cikin Jihar Adamawa ta yanzu. Samartakarsa ta zo daidai da lokacin da mulkin Arewa ke komawa hannun 'yan ƙasa. Tsarin mulkin 1954 ya ba kowace jiha daga cikin jihohi uku na wancan zamani ikon tafiyar da harkokinta, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zama Firimiyan Jihar Arewa, Kaduna kuma ta cika da sababbin ma'aikatu masu neman samarin da suka yi boko.

Ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikatu ita ce ta watsa labarai, wadda ke da sashen shirya fina-finai. A wannan sashe Halilu ya soma aiki a shekarun 1950. Gwamnatin Arewa ta ɗauki wayar da kan talakawa da muhimmanci ƙwarai a lokacin. Ana gangamin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana shiga lunguna. Sai dai duk waɗannan suna bukatar wanda ya iya karatu. Fim ba ya bukatar haka, shi ya sa hukuma ta riƙe shi hannu biyu.

Makarantar majigi

Kafin a fahimci abin da Halilu ya koya, sai an san makarantar da ya shiga, wadda ta girme shi. Wani Bature jami'in tsafta a Legas mai suna William Sellers ne ya soma amfani da fim wajen faɗakarwa a kan annoba tun ƙarshen shekarun 1920. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya fina-finai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai. Sellers ya gina aikinsa bisa zaton cewa ɗan Afirka na ƙauye ba zai iya bin hoto mai sauri ba. Saboda haka ya shimfiɗa ƙa'idoji: kyamara ta tsaya cak, kowane hoto ya daɗe, kada a koma baya a labari, kada a cusa abin da zai ɗauke hankali. Labarin kansa yakan tsaya a kan mutum biyu, mai wayo da ke bin shawarar hukuma ya ci riba, da wawa da ke ƙin bi ya yi asara.

Waɗannan fina-finai su ne Hausawa suka sani da majigi. Mota ce ke zuwa gari ɗauke da janareta da na'urar haskawa da lasifika. A kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin kasuwa, bayan sallar isha'i jama'a su taru, kyauta. Tafinta na tsaye da makirufo yana fassara abin da ake gani, yana ƙara gishiri, yana ba mutane dariya. A haska labaran rangadin Sardauna da hawan daba da buɗe masana'antu, sannan a kawo fim ɗin darasi a kan noman auduga ko rigakafi ko tsaftar rijiya. Baban Larai, wanda ya koyar da noman zamani, ya yi suna har dattawa na ambatonsa zuwa yau.

Makaranta ce mai fuska biyu. Ta fuska ɗaya, an gina ta a kan raina basirar mai kallo, kuma kayan aikin masu mulki ce: kyamarar hukuma ba ta fita don ɗaukar koken 'yan NEPU ko na manomin da haraji ya dame shi. Ta ɗaya fuskar, babu inda matashin Arewa zai taɓa kyamara a wancan lokaci in ba a nan ba. Kuma mai yin fim ɗin majigi yana da wata dama da ɗalibin yau ba kasafai yake samu ba, wato ya ga masu kallonsa ido da ido. Idan hoto bai isar da saƙo ba, surutun filin zai gaya masa. Idan tafinta ya sha wahalar bayani, to fim ɗin ne bai yi bayanin kansa ba.

Abin da tsadar fim ke koyarwa

Halilu ya ƙaro karatu a Landan da birnin Rum, inda ya koyi rubuta labarin fim da kuma yanka da haɗa hoto. Waɗannan fannoni biyu su ne farko da ƙarshen aikin fim, kuma a zamanin zaren fim su ne ke raba ƙwararre da mai ɓarna.

Dalili shi ne tsada. Kyamarar fim tana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa. Naɗi ɗaya mai tsawon ƙafa 400 na zaren milimita 16 minti 11 kacal yake ɗauka, haka ma ƙafa 1,000 na milimita 35. Daga waje ake sayo zaren, kuma ba a goge shi a sake amfani da shi. Bayan an ɗauka, sau da yawa sai an tura shi Ingila a wanke, a jira makonni kafin a ga abin da ya fito. Idan haske ya yi yawa, ko ɗan wasa ya kalli kyamara, ba za a sani ba sai bayan an watse, damina ta wuce, gonar da aka ɗauka an girbe ta.

Mai aiki a irin wannan hali dole ya gama fim ɗinsa a takarda kafin ya kunna kyamara. Dole ya san hoton da zai biyo bayan kowane hoto, ya san inda zai yanka, ya yi gwaji da 'yan wasa har su ƙoshi. Wanda ya zauna a teburin haɗa hoto, yana yanka zare da hannu yana liƙawa, shi ya fi kowa sanin hoton da babu amfaninsa. Wannan horo Halilu ya sha shekara da shekaru, a fina-finan gaskiya da na faɗakarwa da yawansu ya kai kusan 70.

Sunayen wasu daga cikinsu sun isa su nuna layin da aka ɗora shi. Akwai Mama Learns a Lesson na 1963, wato Mama ta koyi darasi, akwai Back to Land mai kiran a koma gona, akwai Child Bride na 1971 a kan aurar da ƙananan yara. Duka darussa ne daga sama zuwa ƙasa, irin na gidan Sellers. Bambancin shi ne yanzu ɗan ƙasa ne ke bayan kyamara, wanda ya san yadda ake sallama a zaure da yadda suruka ke magana da matar ɗanta. A cikin waɗannan ƙananan ayyuka ya koyi tafiyar da 'yan wasan da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, ya kuma koyi ba da labari da hoto maimakon dogaro da bakin tafinta.

Shaihu Umar

Damar da ta fitar da shi daga sahun masu fim ɗin darasi ta zo ne da kuɗin man fetur. Najeriya na shirin karɓar baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977 a Legas, tare da gagarumin hawan daba a Kaduna. Gwamnatin soja na son fim da za ta nuna wa duniya, sai aka zaɓi labarin Shaihu Umar.

Littafin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, ya rubuta shi yana malamin makaranta, a gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Umaru Ladan ɗin ne kuma ya fito a matsayin Shaihu Umar a fim ɗin. Lokacin da aka kammala shi, shekara 10 ke nan da kashe marubucin, Firayim Ministan Najeriya na farko, a juyin mulkin Janairun 1966.

Labarin na wani malami ne a Rauta da almajiransa suka tambaye shi asalinsa. Sai ya ba su tarihin yadda ya tashi maraya a Kagara, yadda 'yan uban fada suka ƙulla wa mijin uwarsa Makau sharri har aka kore shi, yadda aka sace shi yana yaro, ya bi hannu-hannu har Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tsallaka Sahara da shi ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Sun sadu a ƙarshe a wata ƙasa mai nisa, amma wahala ta riga ta cinye ta.

Ya kamata mai karatu ya lura da nauyin wannan zaɓi. A bikin da aka shirya don tutiya da al'adun Afirka, fim ɗin da Najeriya ta gabatar ya nuna harin kamen bayi, da makircin fada, da fataucin mutane ta hamada, abubuwan da har yau ba a cika son tattauna su a Arewa ba. An yi shi da Hausa tsantsa, a zare mai launi na milimita 35, da dawakai da raƙuma da taron jama'a. Tafiyarsa a natse take, hotunan suna daɗewa. Jinkirin da Sellers ya ƙaƙaba don raina mai kallo, Halilu ya juya shi ya zama natsuwar mai ba da tarihi a gaban almajirai. Ɗalibin majigi ya ɗauki kayan aikin da aka ba shi don koyar da wankin hannu, ya tambayi al'ummarsa wani abu game da kanta.

Fim ba masu kallo

Daga nan ne darasi mai ɗaci ya soma. Gwamnati ta iya biyan kuɗin fim, amma ba ta da hanyar kai shi ga jama'a, kuma ba ta damu ta samar ba. Gidajen sinima na Arewa, irin su Rex da Palace da El Dorado a Kano, 'yan kasuwa Kwarori ne suka kafa yawancinsu, kuma fina-finan Indiya da na Amurka da na 'yan Sin suke haskawa, domin sun fi arha kuma jama'a sun saba da su. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta taɓa mallakar gidajen, amma ba ta sauya abin da ke kan allo ba. Fim ɗin da aka yi don biki, da biki ya ƙare sai aka mayar da shi gwangwani.

Halilu bai tsaya ba. A 1978 ya yi Kanta of Kebbi, tarihin Muhammadu Kanta, jarumin ƙarni na 16 da ya ɓalle daga daular Songhai ya kafa mulkinsa a Surame. Gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa kuɗi a aikin, shi ma bai samu zagaya gidajen sinima yadda ya cancanta ba. A 1981 ya fitar da Moment of Truth. A tsakanin nan gwamnatin soja ta kafa Hukumar Fina-finai ta Najeriya da doka mai lamba 61 ta 1979, kuma da ta soma aiki Halilu ne ya zama babban manajanta na farko, kafin Brendan Shehu, wanda daga baya ya yi Kulɓa Na Ɓarna, ya gaje shi.

Sai dai zamanin ya riga ya juya. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP da aka soma a 1986 ya karya darajar naira, sayo zaren fim da wanke shi a waje ya gagari kusan kowa. Sinimar da ta dogara da baitulmali ta mutu tare da yalwar baitulmalin. Abin da ya maye gurbinta daga ƙasa ya taso: a 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Waɗannan samari ba su da horon Landan, ba su da kyamarar milimita 35, amma suna da abin da Halilu bai taɓa samu ba, wato kasuwa. Mai kallo ne ke biya, don haka mai kallo suke yi wa aiki. Lokacin da Halilu ya rasu a 2001, masana'antar Kannywood ta cika gari, kuma kaɗan ne daga cikin 'ya'yanta suka taɓa ganin aikinsa.

Gwangwanayen Ikoyi

Zaren fim abu ne mai rai, yana kuma mutuwa. Idan zafi da laima suka haɗu a kansa, sinadarinsa yakan ruɓe, ya riƙa fitar da wari mai tsami, ya motse, launinsa ya koɗe, daga ƙarshe ya manne ya zama dunƙule. Yana bukatar ɗaki mai sanyi da bushewa dare da rana, abin da ke nufin wutar lantarki da kasafin kuɗi da ma'aikacin da ya san darajar abin da yake gadi.

A wani tsohon gini na sashen fim na zamanin Turawa da ke Ikoyi a Legas, wanda ke hannun Hukumar Fina-finai, mai sharhin fim kuma darakta Didi Cheeka da abokan aikinsa suka ci karo da ɗaruruwan gwangwanayen fim da aka yi watsi da su. Binciken da ya biyo baya ne ya kai ga gano negetif ɗin Shaihu Umar a ma'adanar hukumar a 2016. Cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi ta mayar da shi na dijital da tallafin ofishin jakadancin Jamus. A wannan shekara ta 2016 ce kuma Arewa ta yi ta muhawara a kan alƙaryar fim ta naira biliyan 3 da gwamnatin tarayya ta yi niyyar ginawa a Kofa ta Jihar Kano, aka soke ta bayan adawar malamai. Ana ta jayayya a kan sabon gini, tsohon aiki na ruɓewa a gwangwani, kuma kuɗin wata ƙasa ne ya cece shi.

Ba wai Arewa ba ta san adana tarihi ba ne. A Unguwar Sarki da kewayenta a Kaduna, garin da Halilu ya koyi aiki, akwai gidan tarihi na ƙasa a kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC. Kusa da Masallacin Sultan Bello akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, inda tun 1970 ake tara takardu da rubuce-rubucen magabata. An san darajar takarda da tukunya da takobi. Hoto mai motsi ne aka ɗauka kayan biki, abin kallo na dare ɗaya, alhali a cikinsa ne kaɗai za a ga yadda mutanen 1960 ke tafiya da magana da noma da dariya.

Abin da ya rage wa ɗalibi

Ɗalibin yau ya fi Halilu kayan aiki nesa ba kusa ba. Wayar da ke aljihunsa tana ɗaukar awanni ba tare da ƙarin ko kwabo ba, yana ganin abin da ya ɗauka nan take, yana iya haɗa hoto a kwamfutar aro. Amma arhar ɗauka takan kashe tsari. Wanda bai rubuta labarinsa ya gama ba, zai tara hoto na awa 10 ya rasa fim na minti 10 a ciki. Horon da tsadar zare ta tilasta wa mutanen da, yanzu sai mutum ya ɗora wa kansa.

Haka nan tambayar wanda ya biya ba ta tsufa ba. Jiya ma'aikatar watsa labarai ce, yau ƙungiyoyin ba da tallafi ne da ofisoshin gwamnoni da 'yan takara, kuma har yanzu fim ɗin mai wayo da wawa suke nema, an dai sauya masa riga. Halilu ya nuna ana iya koyon sana'a a irin wannan gida, har a yi abin da ya fi ƙarfin manufar mai gidan. Ya kuma nuna iyakar hakan: mai kuɗin da bai damu da masu kallo ba, ranar da bukatarsa ta biya zai kulle aikin a ɗaki ya manta da makullin.

Ajiya kuwa ta fi da wuya a yanzu. Negetif ɗin 1976 ya jure shekara 40 cikin sakaci, aka same shi da sauran rai. Filasha ko memorin waya ba za su yi wannan juriya ba. Fina-finan kammala karatu da ɗalibai ke yi duk shekara a kan almajirci da ambaliya da 'yan gudun hijira da rayuwar kasuwa, shaida ce ta wannan zamani, kuma yawancinsu daga an ba da maki sai su bi kwamfutar da ta lalace.

Akwai alamun farkawa. Hukumar Fina-finai tana da ma'adanar fim da sauti a Jos, tana da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a can, kuma Jami'ar Jos ta buɗe digiri na biyu a fannin adana fina-finai tare da Jami'ar Goethe ta Frankfurt. Abin da ya rage aikin masu tambaya ne. Nawa ake ware wa ma'adanar a kasafin kowace shekara, nawa ke isa? Wane jadawali ke akwai na fina-finan tsohuwar Jihar Arewa, kuma wa ke riƙe da su? Yaushe za a haska Shaihu Umar a makarantun Kaduna da Bauchi da Sakkwato, kyauta, kamar yadda majigi ke yi? Da kuɗin talakawa aka yi waɗannan ayyuka, su ne masu su, kuma haƙƙinsu ne su gani.